Kalsiyam da KH a tankin murjani: lissafin da nake yi daga hunturu zuwa damina

Wani ƙanina a wannan harka, wanda bai daɗe da kafa tankin ruwan gishiri ba, ya turo min hoton littafin da yake rubuta sakamakon gwaje-gwajensa, da saƙo a ƙasa: "Yaya, kalsiyam ɗina ya kai 480, amma murjanin sun ƙi girma, wasu ma sun fara kwailewa daga gindi. In ƙara musu kalsiyam ɗin ne?" Na bi shafin daga sama har ƙasa. Kalsiyam duk mako an auna an rubuta, har da ja masa layi. KH kuwa, wato ma'aunin kabonet ɗin da ke cikin ruwa, sau ɗaya tak ya bayyana, tun ranar da aka zuba ruwa. Na ce, "Ƙanina, ajiye kwalbar nan tukuna, je ka auno min KH." Ya dawo da 5.4.

Amsar da ta kamata ta fi ƙarfin saƙon WhatsApp, shi ya sa na kawo ta nan. Mu masu kiwon murjani a wannan yanki 'yan tsiraru ne, kuma kusan duk abin da muke karantawa an rubuta shi ne a ƙasashen da iskarsu da ruwansu da wutarsu ba irin namu ba ne. Nawa tankin yana falona a Kano. In aka cire wurin da duwatsu da yashi suka cinye, aka haɗa da ƙaramin tankin tacewa da ke ƙasa, ruwan da ke ciki kimanin lita 300 ne. Cikin irin murjanin da nake kiwo akwai Montipora, akwai Stylophora, akwai Euphyllia, sai 'yan rassan Acropora da nake lallaɓawa. Duk lissafin da za a gani a ƙasa a kan wannan lita 300 ɗin nake yin sa.

Murjani dabba ce, ko da yake ido na ganin dutse ko reshe. Naman siriri ne, a shimfiɗe yake a kan ƙashin da dabbar ke ginawa da kanta, kuma ƙashin nan kalsiyam kabonet ne, nau'in da ake kira aragonait. Kayan ginin biyu ne, duka daga ruwa ake ɗibar su: kalsiyam, da kuma kabonet. Kalsiyam muna auna shi kai tsaye da ppm, wato kashi nawa ne cikin miliyan. Kabonet kuwa ta bayan gida muke auna shi, ta hanyar alkaliniti, wato yawan asid ɗin da ruwa zai shanye kafin ya juya ya yi tsami. A ruwan teku kusan duk wannan ƙarfin daga baikabonet da kabonet yake zuwa, sai ɗan abin da boret ke ƙarawa. Ma'aunin da akasarinmu ke amfani da shi na Jamusawa ne, dKH, kuma a baki KH kawai muke cewa. Wanda kayan gwajinsa ke ba da meq/L, ya ninka da 2.8 ya samu dKH.

Ga lambobin da komai ya rataya a kansu. Ruwan teku mai gishiri ppt 35, wato kashi 35 cikin dubu, yana ɗauke da kalsiyam wajen ppm 420, KH kuma wajen 7. Duk sanda aka gina ƙashi, kalsiyam ppm 20 kan tafi tare da dKH 2.8, ba ƙari ba ragi sai ɗan abin da magneziyam da sitirontiyam suka maye gurbi. A taƙaice, dKH ɗaya na tafiya da kalsiyam ppm 7. To, a ce murjaninka sun cinye KH ɗin nan bakwai kaf, ya koma sifili, abin da ba zai ma faru ba don za su mutu tun kafin nan. Nawa kalsiyam ya ragu? Ppm 50 kacal. Yana nan a 370, lambar da mutane da yawa za su gani su ce ai da sauƙi. Kamar magini ne da aka sauke masa yashi tirela guda, aka ba shi siminti buhu biyar. Ranar da aiki zai tsaya, tsibin yashin ko alamar an taɓa shi ba zai nuna ba, mai gida kuwa yana can yana auna yashi da ido yana cewa kaya na nan.

Akwai kuma matsalar kayan gwajin kansu. Gwajin kalsiyam na gida, irin na ɗiga ruwan magani da sirinji har launi ya juya daga ruwan hoda zuwa shuɗi, in ka maimaita shi sau biyu a jere kana iya samun bambancin ppm 10 ko 20, musamman da daddare a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki. Tankin da ke cin dKH ɗaya a rana yana cin kalsiyam ppm 7 ne kawai, abin da gwajin ba zai iya gani ba. Amma faɗuwar KH daga 8 zuwa 7, ko gwajin Salifert na ɗigo ko ƙaramar na'urar Hanna, kowanne zai nuna ta ƙarara. Saboda haka ni KH nake bibiya, sau da yawa a mako, kuma a lokaci ɗaya na yini, domin murjani sun fi gini da rana lokacin da fitila ke kunne, KH ɗin yamma ba ya zama daidai da na asuba. Kalsiyam sai in yi makonni ban waiwaye shi ba.

Abin da ya faru da ƙanin nawa a fili yake. Yana zuba ruwan kalsiyam na kwalba duk sanda ya tuna, ba ya zuba komai na KH. Kalsiyam ya taru, KH ya zube. Abin da na ce ya yi bai wuce wannan ba: ya daina kalsiyam gaba ɗaya, ya sayo bekin soda na girki, ya riƙa narkar da shi a ruwan RO, wato ruwan da na'urar tacewa ta cire wa gishiri da sinadarai, yana zubawa a inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Giram 3 na ɗaga lita 100 da dKH ɗaya. Tankinsa lita 200 ne, giram 6 ke nan, kuma na ce kada ya ɗaga fiye da dKH ɗaya a yini, gara ma ya raba shi safe da yamma. Murjanin da suka saba da 5.4, in ka kai su 8 a dare ɗaya, ka ƙara musu ciwo a kan ciwo. Shi kuma 480 ɗin da ke damunsa, ba sai an yi masa komai ba. Ba guba ba ne. Kafin ya sauko 420 sai an ci ppm 60, wato sai tankin ya ci dKH takwas da ɗoriya, kuma hakan zai zo da kansa muddin ana ciyar da KH. Ranar da ya sauko, daga nan ne za a fara zuba su biyun tare bisa ƙa'idar bakwai da ɗaya.

A lura, bekin soda na ce, ba bekin foda ba. Na biyun an gauraya shi da asid da sitaci, wasu ma da fosfet, kuma fosfet shi ne abin da muke kashe kuɗi muna cirewa.

In kuwa abin ya juya, KH na daidai amma kalsiyam ya faɗi ƙasa da 380, kafin in taɓa kowace kwalba sai na fara duba gishiri. Mutane na mantawa da wannan. Ruwan da ya kamata ya zama ppt 35, in ya sauka 32, kalsiyam ɗinsa zai nuna wajen 385, magneziyam wajen 1180, alhali ba abin da ya ɓace illa ruwan ya yi tsararo. Na'urar auna gishiri ta hangen ido kan goce, kuma saita ta da ruwan RO zalla ba ya wadatarwa ga irin wadda aka yi don ruwan gishirin girki. Da ruwan gwaji na ppt 35 ake saita ta. In gishiri ya tabbata daidai, sai a ɗaga kalsiyam shi kaɗai da kalsiyam kuloraid. Nau'in da ake kira mai ruwa biyu (dihydrate), wanda aka fi samu, giram 3.7 na ɗaga lita 100 da ppm 10. Ni ba na wuce ppm 20 a rana, ba gaggawar da ake yi.

Sai magneziyam, na ukun da ba a cika kiran sunansa ba sai abu ya ƙi. Ruwan teku ya ɗauki kalsiyam da kabonet fiye da abin da ya kamata a ce ya iya riƙewa, ninki uku zuwa huɗu in ana maganar aragonait a tekun wurare masu zafi. Abin da ke hana su haɗuwa su zube a matsayin farin gari, babba daga ciki magneziyam ne: da ƙwayar kalsiyam kabonet ta fara tsirowa, sai ya manne a fuskarta ya hana ta ci gaba. Teku na da shi wajen ppm 1280 zuwa 1300, kusan ninki uku na kalsiyam. In ya yi ƙasa sosai, za ka ga kana ta zuba soda kana ta zuba kalsiyam, lambobi sun ƙi hawa, sai farin ɓawo a jikin hita da cikin famfo, yashi kuma ya fara dunƙulewa ya yi tauri. Hita da famfo ne ke fara kamawa saboda kalsiyam kabonet ya fi saurin fita daga ruwa a wuri mai ɗumi. Ɗaga magneziyam kuma aiki ne mai cin kaya: in zan ƙara ppm 100 a tankina, sai na narkar da magneziyam kuloraid mai ruwa shida kimanin giram 250, rubu'in kilo guda. Wanda ya zuba murfin kwalba biyu ya ce bai ga canji ba, ai bai fara ba. Daɗin abin, ba ya saurin ƙarewa. Sau ɗaya a wata ya ishe ni dubawa.

Yanzu ga inda yanayinmu ya shigo.

Tsohuwar hanyar ciyar da tanki ita ce ruwan kalk, wanda Jamusawa ke kira Kalkwasser. Peter Wilkens ne ya yaɗa shi a shekarun 1970, kuma da shi masu kiwo na birnin Balin suka nuna wa duniya a shekarun 1980 cewa Acropora na iya girma a cikin gilashi. Garin kalsiyam haidiroksaid ne ake kaɗawa a ruwan RO, kimanin cokalin shayi biyu a lita 3.8, a rufe a bar shi ya kwanta, a ɗebi tsarkakken na sama. Kyansa ba ya misaltuwa: yana ba da kalsiyam da KH a daidai rabon da murjani ke ci, ba ya barin gishiri a baya, yana kuma ɗaga pH, wato ma'aunin da ke sauka in ruwa ya ƙara tsami, saboda yana shanye iskar CO2 da ke cikin ruwa ya mai da ita baikabonet. Amma ruwa ba ya iya narkar da shi da yawa. Lita ɗaya da ta ƙoshi tana ɗauke da kalsiyam wajen ppm 800 da alkaliniti wajen meq 41, ba za ta wuce haka ba. A tankina lita ɗaya na ƙara kusan dKH 0.4. Kuma ba za ka iya zuba ruwa fiye da wanda iska ta shanye ba, in ba haka ba tanki ya cika ya tsarare.

Shawarar da za ka fi cin karo da ita ita ce a zuba kalk a cikin robar ruwan ciko, wato ruwan da ke maye gurbin wanda iska ta shanye, na'ura mai lura da tsayin ruwa ta riƙa turawa duk sanda ya ragu. A gidan da zafi da laima ba sa canzawa sosai duk shekara, wannan na tafiya. A Kano kuwa ka miƙa wa yanayi ragamar tankinka ke nan. A tsakiyar hunturu, lokacin da laimar iska ke faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, leɓe na tsagewa, tankina kan sha lita shida zuwa bakwai a rana. A bazara, in zafi ya haura digiri 40 na kunna fanka a kan fuskar ruwa don in taimaka wa na'urar sanyaya shi ya tsaya a 26, shan ma ya fi haka. A watan Agusta kuwa da ƙyar ya sha lita biyu. Yi lissafi: lita bakwai na kalk dKH 2.7 ne a rana, lita biyu kuma 0.8. Murjanina suna cin wajen ɗaya da rabi, ba ruwansu da ko ana hazo ko ana marka. Ashe a Janairu an yi musu ambaliya, pH ya hau, famfo ya yi ɓawo, a Agusta kuma an bar su da yunwa. Ranar da aka wuni ana ruwa da ranar da rana ta buɗe ma ba ɗaya ba ne.

Don haka na raba aure tsakanin kalk da ruwan ciko. Kalk yana da nasa ɗan famfon awo, lita ɗaya da rabi kowane dare, a ɗiga a hankali daga kashe fitila zuwa asuba, lokacin da pH ke sauka da kansa. Na zaɓi lita ɗaya da rabi ne don ta gaza mafi ƙarancin abin da iska ke sha ko a tsakiyar damina. Sauran cikon ruwan RO ne zalla, iska ta sha yadda ta ga dama. Wannan na ba ni wajen dKH 0.6 tabbatacce kowace rana, ko wane wata ne. Garin kalk fa yana ƙuna, ruwansa pH ɗinsa ya haura 12. Ina sa safar hannu, ina kare ido, robar kuma tana inda yara ba sa kaiwa. Wani ya taɓa ce min ai farin taɓon da masu walda ke zubarwa bayan kabaid ya gama aiki shi ne wannan sinadarin. Gaskiyarsa, shi ne. Amma da me da me ya zo tare, shi ne abin tambaya, kuma ba a tankina za a gano amsar ba.

Ragowar dKH ɗaya ina cike shi da hanyar kwalba biyu: ɗaya kalsiyam kuloraid, ɗaya soda. Bajamushe Hans-Werner Balling ya fito da tsarinsa a shekarun 1990, shi ya ƙara da kashi na uku, gishirin teku da aka cire wa sodiyam kuloraid, don sauran sinadarai su daidaita. A Amurka kuma masanin kimiyyar sinadarai Randy Holmes-Farley ya wallafa yadda mutum zai haɗa nasa a gida, kuma nasa awon nake bi: giram 500 na kalsiyam kuloraid mai ruwa biyu a narkar har ya cika lita 3.8, sai giram 594 na bekin soda a baza a faranti a gasa a obin awa guda a zafin digiri 150, a narkar shi ma ya cika lita 3.8 a wata robar daban. Gashin na korar ruwa da CO2, soda ya koma sodiyam kabonet, wanda ya fi narkewa kuma yake ɗaga pH. Wanda pH ɗinsa ya riga ya yi sama, ko yake zuba kalk da yawa, ya bar sodansa ɗanye, sai dai ruwan zai ɗauki rabin wancan awon ne kawai, don haka a rage awon kalsiyam kuloraid ɗin ma zuwa rabi. Ana zuba su daidai wa daida. A awon gari, abin da tankina ke samu ta wannan hanya a rana bai wuce soda giram 9 da kalsiyam kuloraid kusan giram 8 ba.

Robobin nan biyu ba sa haɗuwa, ko a mazubi ko a sirinji. In suka gamu da kaurinsu, nan take za su zama farin kunu, ka yi asarar duka biyun. Ko a tanki, ina ba da tazarar aƙalla rabin awa tsakaninsu, kuma bakin bututun yana kan inda ruwa ya fi gudu. Ɗan farin hayaƙin da ke tashi sanda soda gasasshe ya taɓa ruwa ya watse cikin daƙiƙu, wannan ba komai, magneziyam haidiroksaid ne, yana sake narkewa. Kalsiyam kuloraid kuma mayen laima ne. In ka bar buhunsa a buɗe a damina, zai sha ruwan iska ya jiƙe har ya narke, awonka na giram ya zama ƙarya. A roba mai murfin gaske nake ajiye shi.

Hanyar kwalba biyu na barin gishiri a baya, domin murjani sun ɗauke kalsiyam da kabonet, sun bar sodiyam da kuloraid. A awona wajen giram 6 ne a rana, fiye da rabin ppt a wata in ba abin da ya fita. Ba abin tsoro ba ne, amma dalili ne na duba gishiri a kai a kai, a ɗebe ɗan ruwan tanki a mayar da na RO in ya hau.

Mahaifiyata, da ta ga ina gasa soda a obin ɗin gida, ta tambayi me ake toyawa ba mai ba ƙwai. Da na yi mata bayani sai ta ce, "To kai, ba kanwa ke nan ba? Ga ta a Kurmi kamar a ba ka kyauta." Na ce, "Hajiya, wallahi kin fi wasu masu digiri gane abin." Domin kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Cadi da ƙasar Manga, asalinta haɗin sodiyam kabonet da baikabonet ne, irin dutsen da ake haƙa a jihar Wayomin ta Amurka a tace a yi soda da shi. Bambancin tacewar ce. Tamu tana zuwa da yashi da laka da wasu gishirai, wannan dunƙulen daban da wancan, ba ka san ƙarfin giram ɗaya ba balle abin da ke ɓoye a ciki. A miyar kuka ba matsala. A tankin da reshe ɗaya ya fi buhun soda tsada, ban ga ribar gwajin ba. Ta ce ita dai ta faɗi nata.

Wuta ma na da nata hannun a wannan lissafi. Ƙananan famfunan awo ba sa cin wuta, mutum kan haɗa su da inbata, babban famfon da ke mayar da ruwa sama kuma a bar shi a layin gari. In aka ɗauke wuta, babba ya tsaya, ƙanana na ci gaba da ɗiga soda da kalk a cikin ɗan ruwan tankin ƙasa da ba ya motsi. Ko dai su daskare a nan, ko kuma in wuta ta dawo a kwashe su gaba ɗaya a watsa wa murjani. Nawa duka a layi ɗaya suke: in mai juya ruwa ya tsaya, masu ɗiga ma su tsaya. Rashin ɗiga na 'yan awoyi ba ya kisa.

In kuma tsautsayi ya sa kalk ko soda ya zube da yawa, tanki ya yi fari fat kamar madara, abin dubawa pH ne. In ya haura 8.6, a saukar da shi da ruwan sha mai gas (soda water, ba ruwan bekin soda ba) marar sukari da ɗanɗano, ko ɗan ruwan khal fari kaɗan-kaɗan, ana aunawa. Kada a yarda da gwajin KH ko na kalsiyam a wannan ruwan, domin asid ɗin gwajin na narkar da farin garin da ke yawo ya ba da lambar da ta wuce gaskiya. A bari ya washe, yawanci kwana ɗaya zuwa biyu, sannan a auna.

Maganar pH ta kawo ni kan kwalaben da ake sayarwa da sunan masu ɗaga shi. Kusan dukansu alkaliniti ne aka canza wa riga. In KH ɗinka na 8 amma pH ya maƙale a 7.8, ba soda ka rasa ba, iskar ɗakin ce ta cika da CO2. Mu da muke rufe tagogi ruf saboda ƙurar hunturu ko don sanyin na'ura kada ya fita, ga risho ko gas na ci a kicin, ga baƙi cike da falo ranar Sallah, mun fi kowa sanin wannan. In iskar ɗaki ba ta canza ba, sai ka ninka KH sau biyu kafin pH ya ƙaru da 0.3 kacal. Wato ka kai KH 16 don neman 8.1, garin neman gira a rasa ido. Ni siririn bututu na ja daga waje ta jikin taga zuwa mashaƙar na'urar kumfa mai cire datti daga ruwan tanki, na ɗaura masa auduga saboda ƙura, ina canza ta in ta yi ja. Kuma 7.8 da asuba ba ya hana ni barci.

Ko ana zuba su daidai wa daida, wata rana za ka ga ɗaya ya ɗan goce. Dalilan sanannu ne. In naitiret, sinadarin da datti ke rikiɗa ya zama a tanki, na taruwa, yana cin KH ba tare da ya taɓa kalsiyam ba: hawan ppm 50 na cinye wajen dKH 2.3. Gishirin da kake canjin ruwa da shi ma yana da nasa lambobin, wasu an haɗa su da KH 11 ko 12, wasu 7 zuwa 8, don haka nake auna sabon ruwa kafin ya shiga, kuma nake zaɓar wanda ya yi kusa da inda nake tsayawa. Wanda ke ciko da ruwan burtsatse kai tsaye kuwa, yana zuba KH da kalsiyam da bai san adadinsu ba, ban da sauran tarkace. In gocewar ta taru, sai in gyara wanda ya kauce shi kaɗai, sau ɗaya, in koma rabon da aka saba. Ba na canza awon kullum saboda gwajin kalsiyam guda ɗaya.

A wace lamba nake tsayawa? KH 8, kalsiyam ko'ina tsakanin 400 da 450, magneziyam wajen 1300. Masu kiwo na samun nasara daga 7 har 11, kuma gaskiya ne KH mai yawa na sa ƙashi saurin tsawo. Sai dai a tankin da naitiret da fosfet suka yi ƙasa ƙwarai, ƙashin kan riga naman gudu, kan rassan Acropora ya yi fari kamar an ƙona. Na zaɓi 8 ne saboda akwai fili ta kowane ɓangare: in famfon awo ya toshe ina tafiya, akwai kwanaki kafin a shiga haɗari, in ya zarce kaɗan, ba a kai ga farin kunu ba. Wanda ya zauna a 7.5 daram ya fi min wanda ke lilo tsakanin 8 da 10 kwanciyar hankali.

Akwai hanya ta uku, tukunyar da ake cika da tsakuwar aragonait a busa mata CO2 har pH na cikinta ya sauka wajen 6.5, tsakuwar ta narke ta koma tanki. Ga manyan tankuna ita ce sarauniya. Ni ban kai can ba: tana son silindar gas da za a riƙa cikawa, da wutar da ba ta yankewa, kuma tana jan pH ƙasa a ɗakin da dama iskarsa ba ta wadata ba. Sai cin tankina ya ninka na yanzu zan sake duba ta.

Cin kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Hanyar sanin sa ita ce a tsayar da zuba kalk da kwalaben biyu na yini guda, a auna KH yau da ƙarfe takwas na dare, a sake gobe da ƙarfe takwas, bambancin shi ne abincin rana. Ba a yin wannan in KH ya riga ya yi ƙasa. Murjani na girma, cin na ƙaruwa, ja-jan gansakukar dutse da ke bin gilashi ita ma tana ɗibar rabonta. In zafi ya buge su ko wani abu ya dame su, sai su daina gini, ka ga KH na hawa alhali ba ka ƙara komai ba, kuma sau da yawa wannan hawan ne ke fara gaya min akwai matsala kafin launinsu ya nuna. A irin wannan ranar rage abin da nake zubawa nake yi, in tafi neman dalili. Haka ma ranar da na sassare Montipora ɗin da ya yi faɗi ya rufe na ƙasa na rarraba wa abokai: a daren nan nake rage famfunan biyu da kashi ɗaya cikin biyar, in auna da safe, in sake aunawa jibi.